Marowaciyar Wuta

A bayan idonta ɗalibai ke kiranta Marowaciya, kuma ta san da sunan tun shekarar da aka laƙaba mata shi. Wata rana ana tsakiyar lacca wani ya yi suɓutar baki, ya ɗaga hannu ya ce, "Marowa... au, Malama, ina da tambaya." Ita kuwa ta juyo daga allo tana kakkaɓe alli, ta ce, "Ƙarasa mana, ai ba ƙarya ka yi ba. Sai dai wuta nake wa rowa, ban da amsa. Mece ce tambayar?"

Aikinta ne ya jawo mata sunan. Fiye da shekara talatin ta yi tana koyarwa a sashen injiniyan lantarki na jami'ar garin, kuma abu ɗaya ta sa a gaba: furosesa, wato 'yar mitsitsiyar ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta da waya lissafi. So take a ƙera shi ya riƙa aikinsa ba tare da ya zuƙe batir ba.

Mahaifinta mai gyaran agogo ne. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, kusa da tashar bas, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Ita ce babbar 'yarsa, kuma a nan take yini in an tashi daga makaranta. Takan zauna a kan kwali tana kallonsa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tsinto noti da ɗan hantsaki. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne batirin agogo. Bai fi maɓallin riga ba, amma in Baba ya saka shi, sai mai agogon ya manta da shagon, shekara ta zagayo har ta sake zagayowa.

Da ta shiga jami'a aka kai su ɗakin kwamfutoci, sai ta tarar da akasin haka. Fankoki na ruri, na'urar sanyaya ɗaki na ta fama, amma in ka ɗora hannu a jikin injin sai ka ji shi kamar mai zazzaɓi. Sauran ɗalibai suna mamakin saurinsa, ita tana tsaye a baya tana tunanin ina wutar nan duk take tafiya. Da ta koma gida ta ba Baba labari, ya yi dariya ya ce, "Ke dai tun kina ƙarama ba kya son ganin ɓarna. Uwarki kika biyo."

Ta gama da sakamako mai kyau, jami'a ta riƙe ta, daga baya aka tura ta wata jami'a mai nisa ta yi digirin dokta. Lokacin ta riga ta yi aure. Mijinta malamin tarihi ne a makarantar sakandare, mutum mai barkwanci wanda ko gaisuwa ba ya yi sai ya haɗa da zolaya. Ita tana ce masa Malam, shi kuma tun kafin ta samu digirin yake ce mata Dokta, wai don ta saba.

A zamanin, kowa sauri yake nema. Wanda ya ƙera furosesa mafi sauri shi ne gwarzo, ko da zai sha wutar unguwa guda. Ita sai ta ɗauki hanyar da ba kowa a kanta. Ta lura cewa furosesa kamar babban gida ne mai ɗakuna da yawa, kowane ɗaki fitilarsa a kunne, alhali mutum ɗaya ne ke kai-komo a ciki. Wasu kafin ita sun yi tunanin a riƙa kashe sassan da ba sa aiki, amma matsalar ita ce in an buƙace su, kafin su farka aiki ya tsaya. Nata ƙarin shi ne wani ɗan ƙaramin sashe da ta kira maigadi. Aikinsa kawai ya lura da yadda lissafin ke tafiya, ya gane wane sashe za a nema nan gaba kaɗan, ya tashe shi daidai lokacin, sauran kuma ya bar su su yi ta barci.

Ta rubuta maƙala ta aika wa wata babbar mujalla, aka dawo mata da ita. Ta gyara ta aika wa wata, nan ma haka. Ɗaya daga cikin masu dubawa ya rubuta cewa dabarar ba laifi, amma bai ga wanda ke da wannan damuwa ba, tunda kwamfuta a bango ake jona ta. A ƙarshe wani ƙaramin taro ya karɓa. Aka sa ta a ranar ƙarshe, bayan cin abincin rana, lokacin da yawancin mahalarta sun kama hanyar filin jirgi. Mutanen da ke ɗakin ba su cika layin kujeru ɗaya ba, kuma wani dattijo a cikinsu tun shafi na biyu ya fara gyangyaɗi.

Da ta kira Malam a waya tana faɗa masa, sai ya ce, "To mene ne na ɓacin rai, Dokta? Ba barci kike so ki koya wa na'ura ba? Ga shi har mutum kin sa ya yi. Ai bincike ya fara aiki."

Ta yi dariya ba ta so, hawaye na zuba.

Da ta dawo gida, ɗakin gwajin da aka ba ta tsohon sito ne a ƙarshen baranda, tsakanin banɗaki da ofishin masu shara. Teburi biyu ne a ciki, da na'urar awo mai koren allo wadda sai an buga mata tafi a gefe take kamawa, da taga ɗaya da ba ta rufuwa. Ita da kanta ta fitar da karyayyun kujerun da ke ciki, Malam ya zo ranar hutu ya shafa fenti yana mita, wai da ya san auren boko haka yake da ya nemi 'yar mai fenti.

Shekaru suka tafi shiru. Maƙalar nan ba wanda ya ambace ta. Abokan aikinta da suka bi abin da ake yayi suka yi ta samun ƙarin girma. Shugaban sashe, mutumin kirki ne kuma yana son ta da alheri, ya kira ta ofishinsa ya zuba mata shayi.

"Dokta, ba na raina aikinki," in ji shi. "Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ki ɗan karkata zuwa inda ake samun tallafi. Tsararrakinki duk sun wuce ki."

Ta ce, "Na gode, ranka ya daɗe. Na san don ni kake faɗa. Amma in na bar shi, wa zai ɗauka?"

Ya girgiza kai, bai sake tayar da maganar ba.

A cikin wannan yanayi ta samu ɗalibin digiri na biyu da kowa ke kira Gaggawa. Mutum ne mai kaifin basira, ya bar aikin kamfanin waya ya dawo karatu, kuma ba ya hawa matakala ɗaya-ɗaya. Kafin ta gama tambaya ya ba da amsa, rabin lokaci daidai, rabin lokaci amsar wata tambayar daban. Tare suka zauna suka mai da dabarar maigadi cikakken zane. Da ƙyar ta samu ɗan tallafin da zai isa a aika zanen wata masana'anta a ƙasar waje a ƙero musu samfuri. Dama ɗaya ce, in ta lalace sai a jira wani tallafin.

Watanni suka wuce kafin kunshin ya iso. Ɗalibai suka cika ɗakin, har masu shara suka leƙo. Ta buɗe, ga su nan a jere cikin soso, baƙaƙe, kowanne bai kai farcen ɗan yatsa ba. Aka ɗora na farko a kan allon gwaji aka ba shi wuta. Layin da ke kan koren allo bai motsa ba. Aka buga wa na'urar tafi, shiru. Aka gwada na biyu, na uku, har na ƙarshe. Duk gawa.

Sai da suka yi makonni suna bin zanen layi-layi kafin su gano matsalar. Wasu hanyoyi biyu ne aka juya, a ɓangaren da Gaggawa ya kammala. Akwai gwajin ƙarshe da ya kamata ya yi, mai cin lokaci, ya tsallake shi don ranar aikawa ta matso.

Washegari da safe ta tarar da shi a bakin ƙofa, ya tattara kayansa a jaka, makullin ɗakin gwaji a hannunsa.

"Malama, ni ne. Ba ni da bakin magana. Ga makulli."

Ta dube shi. Ranta a ɓace yake, don ko barci ba ta samu sosai ba tun ranar da kunshin ya zo. Ta ce, "Wa ya sa hannu a kan zanen kafin a aika?"

"Ke ce, Malama, amma..."

"To ni ma ban duba ba ke nan. Mai da makullin aljihunka. Gudu za ka yi ka bar ni da gawarwaki? Ba ka isa ba. Gwajin da ka tsallake za ka zauna ka yi, ka sake yi, sai ka iya shi ido rufe."

A taron sashe, da aka tambayi yadda tallafin ya salwanta, ta miƙe ta ce kuskuren ɗakin gwajinta ne kuma ita ce shugabar ɗakin. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Abin ya ja mata jinkirin ƙarin girma, kuma akwai waɗanda suka yi dariya a ɓoye.

Sai bayan kusan shekara biyu dama ta biyu ta samu. Wannan karon, da aka ba samfurin wuta, layin ya yi tsalle ya fara rawa a kan allo. Gaggawa ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska. Ita kuwa ta ce a kawo batirin agogo. Aka jona, aka sa furosesan wani lissafi mai maimaita kansa, da ɗan allo mai nuna lamba, aka ɗora a kan kanta. Ɗalibai suka yi ta musu, wani ya ce mako ɗaya zai yi, wani ya ce wata. Zangon karatu ya ƙare, aka tafi hutu aka dawo, lamba na ta ƙaruwa.

Ta ɗauki ɗaya ta kai wa Baba. Lokacin ya rufe shago, idanu sun yi rauni, yana zaune a gidan ƙaninta. Ta sa masa a tafin hannu ta yi masa bayani. Ya juya shi, ya kai kunne, ya saurara.

"Ko ƙas-ƙas ba ya yi," in ji shi. "Kin tabbata yana aiki?"

"Yana yi, Baba."

"To Allah ya yi miki albarka. Mu dai namu muna ji."

Bai kai ƙarshen shekarar ba ya rasu.

Gaggawa ya gama, ya samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, ya tafi da dabarar a kansa. Ana nan sai duniya ta juya. Waya ta shiga aljihun kowa, mutane suka koma masu neman wurin caji a tasha, a asibiti, a gidan mutane kafin ma a gama gaisawa. Kamfanonin da da sauri kawai suke nema suka farga cewa sauri ba shi da amfani in batir ya mutu kafin azahar. Masana suka shiga tonon tsofaffin rubuce-rubuce, sai ga maƙalar da aka karanta wa mai gyangyaɗi.

Gaggawa ne ya fara kiranta. "Malama, kin san ana ambatonki kuwa? Taron da na je, mutum uku suka sa zanen maigadi a jawabinsu. Wani har tambayata ya yi ko kina raye!"

"Ka ce masa ina nan, ina gyaran takardun jarrabawa," in ji ta.

Daga nan abin ya yi ta bunƙasa. Wani ya ɗauki dabarar ya gyara ta ta dace da waya, wata ta rage ta ta shiga na'urar taimaka wa ji, wasu suka kai ta cikin 'yan na'urorin da ake binnewa a gona suna auna danshin ƙasa. Da yawansu sun wuce inda ta tsaya nesa ba kusa ba, kuma ita ce ta fara faɗin haka. Gayyata ta riƙa zuwa. Aka ba ta kujerar farfesa, a makare, har shugaban sashen da ya ba ta shawara, wanda ya riga ya yi ritaya, ya zo da sandarsa ya taya ta murna, ya ce ya ji daɗi da ba ta ji maganarsa ba. Wani kamfani ya nemi ta koma can gaba ɗaya. Ta je ta yi musu shekara ɗaya ta dawo, ta ce ba ta iya rayuwa inda ba ɗalibin da zai yi mata tambayar banza.

Ba za a ce ba ta da aibi ba. Jan bironta ya sa manyan mutane kuka, kuma akwai ɗaliba mai ƙoƙari da ta bar sashen saboda kaifin harshenta, abin da ya daɗe yana damunta. A gida ma an biya farashi. Ranar da 'yarta ta karɓi kyauta a makaranta, tana ɗakin gwaji ta manta sam. Da ta dawo tana ba da haƙuri, yarinyar ta ce, "Mama, da ni furosesa ce da kin zo." Maganar ta soke ta. Ta yi ƙoƙarin gyarawa, amma sai da 'yar ta girma ta zama uwa kafin su zama aminan juna.

Tana dab da ritaya Malam ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin malamai, kofin shayi a hannu. A asibiti aka ce zuciyarsa ce ke jinkiri, wani lokaci har ta ɗan tsaya, kuma sai an dasa masa na'urar da za ta riƙa daidaita bugun. Ta zauna a gefen gadonsa, hannunta cikin nasa. Likitar, wata matashiya mai fara'a, ta zo da samfurin na'urar tana yi musu bayani.

"Kada ku damu, Mama. Na da can, ba a daɗewa sai an sake buɗe mutum a canja batir. Na yanzu kuwa sukan yi shekaru masu yawa. Abin da ke ciki yawancin lokaci barci yake, sai ya ga zuciya na neman taimako yake farkawa."

Malam ya juyo da kai a hankali ya dubi matarsa. Duk da robar iska a hancinsa, sai da ya yi murmushi.

"Likita," in ji shi, "kin san wa kike wa lacca kuwa?"

"Malam, don Allah ka yi shiru ka huta," in ji ta.

"Ina fa! Shekara da shekaru ina jin labarin barcin nan a kan teburin cin abinci. Yau ga shi za a saka mini shi a ƙirji."

Aikin ya yi kyau. Bayan an sallame su, ta tura wa Gaggawa sunan na'urar, ta ce ya bincika mata, don ba ta son Malam ya riƙa yaɗa abin da ba haka ba. Lokacin Gaggawa shi ma ya zama farfesa, da furfura a gemu. Ya bi diddigi ya kira ta. Ya ce masu ƙera na'urar sun dogara da aikin wasu masana, su kuma a rubutunsu sun ambaci nasa, nasa kuwa kowa ya san daga ina ya fito.

Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Ba nawa ba ne ke nan. Jikan nawa ne, ko ma tattaɓa-kunne. Hannu da yawa ya bi."

"Jika ai naki ne, Malama," in ji shi.

Ta yi wa Malam wannan bayani dalla-dalla, amma kamar ta zuba ruwa a kwando. Duk wanda ya zo dubiya sai ya dafa ƙirji ya ce, "Da ma zuciyar tata ce, yanzu kuma har da takardar shaida." Ita sai ta tashi ta shige kicin tana cewa Allah ya shirye shi.

Ta yi ritaya, amma ranar Laraba takan leƙa sashen. Ɗakin gwajin ya koma sabon gini, da benci dogaye da na'urorin da ba sa bukatar tafi, kuma tsofaffin ɗalibanta ne ke tafiyar da shi. A irin wannan ziyara wata sabuwar ɗaliba ta tare ta, ta ce tana son ƙera furosesan da ba ya bukatar batir ko kaɗan, ɗumin jikin mutum kawai zai riƙa sha.

"Ba zai yiwu ba, 'yata," in ji ta kai tsaye. "Wutar ba za ta isa ko maigadi ya buɗe ido ba."

Ɗalibar ba ta ja da baya ba. Ta ce, "Mama Farfesa, ni ai maigadin ma cire shi na yi." Ta juyo da allon kwamfutarta.

Tsohuwar ta gyara tabarau ta sunkuya. Ta karanta, ta koma sama ta sake karantawa. A waje Malam na cikin mota yana danna ham, don sun yi da 'yarsu za su je ɗaukar jikoki daga makaranta. Ta leƙa taga ta yi masa alama da hannu ya je ya ɗauko su ya dawo ta nan. Sannan ta jawo kujera, ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Wannan layin na uku ban yarda da shi ba," in ji ta. "Amma sauran... Ɗauko mini biro. Fara daga farko, a hankali."